Likkafanin Baffa

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma. Baffa, ƙanen mahaifina, ya riga mu tafiya. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ranar da ya rasu, tun hantsi bai ɗaga ba gidansa na Jega ya cika. Ni ina cikin gida tare da mata, amma muryoyin zaure suna shigo mana. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Maiyama, inda ya taɓa koyarwa, wasu daga Birnin Kebbi da motocin ofis. Wani direban motar albasa, ƙato da shi, ya tsaya a bakin zaure yana kuka yana cewa har yau ba ya iya hura wuta da leda, da ya ɗauko ta sai ya ji muryar Malam a kunnensa. Mahautan kasuwa sun zo a ƙungiya. Su ne suka laƙaba masa Malam Leda, ranar ma ba su iya kiransa da wani suna ba, sai ka ji an ce, "Allah Shi jiƙan Malam Leda," mai faɗar ya yi murmushi ya share ido. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha ta shigo ta zauna kusa da Inna, matar Baffa. Ta janye mayafi ta nuna tabon ƙunar da ke damtsenta, su biyun suka fashe da kuka.

Amma ba wannan mutane suka kwasa suka tafi da shi ba. Abin da ya zagaya gari shi ne, wai an shirya jana'iza da azahar, sai yayan mamacin, wato Babana, ya tashi ya hau babur ya bar gawar ƙanensa a kwance, jama'a na zaune har la'asar. Wai tsohuwar gaba ce. Na ji maganar a Aliero, na ji ta a bakin wata mata cikin mota wadda ba ta san ko ni wace ce ba, na haɗiye abin da ya taso mini don darajar mamaci. To ni na san abin da ya faru, don a hannuna ya fara. Baffa ya bar mini amana guda ɗaya: kada a sa shi cikin likkafanin da ba auduga zalla ba. Wanda kuwa ke da ikon cika ta ko ya hana, shi ne Baba, mutumin da ya daɗe da daina cin abinci kwano ɗaya da Baffa.

Mu mutanen Kashin Zama ne, manoman albasa kaka da kakanni. Baffa ne kaɗai ya ɓalle ya yi boko, ya zama malamin kemistiri a sakandare. A gidansa na tashi, don shi ya ɗauko ni ya sa ni makaranta. Mutum ne siriri, mai alli a gefen aljihu kullum, wanda ba a taɓa yi wa tambaya ya ba da gajeriyar amsa ba. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, to ka nemi wurin zama.

Darasina na farko a tsakar gida na same shi, ranar da carbin Inna ya tsinke. Ƙwayoyin suka watse, tana ta salati tana cewa mu tsince. Baffa ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya ɗaga ta sama kamar ya tsinci zinariya.

"Ɗiyata, kin ga wagga? A wurinmu sunanta monoma, abu guda ƙarami. In kika samu dubbai irinta suka jeru suka zama doguwar sarƙa, sunan sarƙar folima. Sai dai su ba zare a tsakiyarsu, hannun juna suke riƙewa."

"Malam, ka ba ni ƙwayata in ƙulla carbina," in ji Inna.

"Ki yi haƙuri, ai ba mu gama ba."

Bai gama ba kuwa har ya bar duniya. A wurinsa rabin abin da ke gidan nan folima ne. Akwai waɗanda Allah Ya ƙulla da kanSa: audugar zanen Inna, sitacin da ke cikin gero, ƙaron da ke tsatsowa a jikin itace, gashin kanmu, ƙahon ragon layya. Akwai kuma waɗanda ɗan Adam ya ƙulla a masana'anta daga ɗanyen mai: leda, butar alwala, buhun taki, bututun ruwa, igiyar nailan. Abin da ya fi sa shi zumuɗi shi ne tuwo da riga. Ya ce ƙwayar da aka jera aka yi sitaci, ita ce dai aka jera aka yi auduga, wani irin sukari ne, yadda suka riƙe hannun juna ne kawai ya bambanta. Cikinmu ya san kwance ƙullin ɗaya, bai san kwance na ɗayan ba, shi ya sa muke cin tuwo ba ma cin riga. Na ce to akuyar maƙwabta fa, da ta cinye mini ɗankwali? Ya yi dariya har da tari, ya ce akuya tana da ƙananan ma'aikata a tumbinta masu kwance mata, ni ba ni da su.

Abin da ke ɓata masa rai shi ne yadda muke kiran komai roba. Buta roba, tayar keke roba, faranti roba. "Haba jama'a! Ku da kuke da suna ga kowane irin gero?" Akwai mai gyaran bokiti da ke zagayawa unguwarmu da kaskon garwashi da tsohuwar wuƙa. Baffa ba ya barinsa ya wuce. Sai ya tsayar da shi, ya tara mu, mu ga yadda wuƙa mai zafi ke narkar da bakin tsagar ta haɗe. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko fasasshen mariƙin dutsen guga ya ce a liƙe masa. Mai gyara ya sa wuƙa, abu ya yi baƙi, ya yi wari, ya ƙi narkewa. Baffa ya ce yawwa. Na bokiti sarƙoƙinsa a kwance suke kusa da juna, zafi na sa su zame, sanyi ya tsayar da su, kamar man shanu, ka narka ka daskarar sau nawa ka ga dama. Na dutsen guga kuwa an ɗaure sarƙoƙin da juna ta ko'ina kamar ragar kamun kifi, shi ƙwai ne, in ya dahu ya dahu. Robar taya kuma tana tsakani, sarƙoƙinta a nannaɗe suke, an ɗaure su nan da can kawai, ka ja su miƙe, ka saki su koma. Mai gyaran bokiti ya saba, har in ya shigo layin sai ya ɗaga murya ya ce, "Malam, yau da makaranta ko in wuce?"

Kada a ce Baffa maƙiyin roba ne, kamar yadda mahauta suka ɗauka. Lokacin da aka kwantar da Inna asibiti aka rataya mata ledar ƙarin ruwa, zama ya yi yana kallon ledar yana yi wa waɗanda suka ƙirƙiro ta addu'a. Damuwarsa ita ce a san kowace da halinta. Shekarun da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, kayan nan suka malalo kasuwar Jega kamar ruwa. Mahauta suka bar naɗe nama da takarda da ganye, mata suka bar dafa alala a gwangwani suka koma leda, ƙwarya da tulu suka fara komawa bayan ɗaki. Kowa na murna, mu ma muna murna, abu ga sauƙi ga araha. Shi kuwa yana bin lambatu da ido yana cewa ƙasa ba ta san wannan baƙon ba. Auduga da kara da fata, ƙananan halittun ƙasa sun san ƙullinsu tun farkon duniya, suna kwancewa su mai da su ƙasa. Ƙullin leda ba su taɓa gani ba, sai su bar ta yadda suka same ta.

Tsohuwar nan mai ƙosai, gyalen nailan ne ya kama wuta a jikinta wata safiya, ya narke ya manne mata a damtse. Baffa yana wucewa makaranta, shi ya kai ta asibiti. Da ya dawo gida bai yi shawara da kowa ba, ya buɗe akwatin Inna ya zari sabuwar atamfarta ta auduga, wadda ko ɗinki ba a kai ba, ya kai wa tsohuwar. Inna ta yi kwanaki ba ta amsa masa sannu da kyau. Daga ranar ne ya shiga bin masu tuya da ashana a aljihu, yana koya musu gwaji. Ka zaro zare ɗaya daga gefen yadi ka kusanta shi da wuta. In auduga ne zai ci da sauri, ya yi ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi da za ka murje tsakanin yatsu. In mai roba ne zai noƙe ya guji wutar, ya narke, ya dunƙule ya zama ɗan baƙin ƙullutu mai tauri. Yana da yadda yake yi: ya murza tokar, ya kai hanci, ya karkata kai gefe ɗaya, sannan ya yanke hukunci. Masu yadi a kasuwa in sun hango shi sai su fara naɗe kaya.

Rigimarsa da Baba kuwa a kan albasa ta tashi. Mu in an cire albasa da bazara, a rudu ake ajiye ta, wato rumbun kara da ake ɗagawa a kan itace a rufe da ciyawa, ta zauna tana shan iska har kasuwa ta yi kyau. Wata shekara Baba ya sayo wata ƙatuwar baƙar leda a Aliero ya lulluɓe rudunsa ruf, don kada ruwan farko ya taɓa ta. Maƙwabta suka taru suna yabawa. Sai ga Baffa ya zo hutu. A gaban mutanen nan ya ce, "Yaya, ka cire abin nan. Albasa rai gare ta, tana numfashi tana fitar da gumi. Ledar da ta hana ruwa shiga, ita za ta hana shi fita."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Cikin takarda ka koyi albasa? Tun kana tsumma nike wanga aiki."

Da Baffa ya ja yayansa gefe, da an cire ledar nan ba wanda ya ji. Amma ina! Malami ne, ya ga jama'a, ya ɗauka aji ne. Baba kuwa da a ce ƙanensa ya gyara shi a bainar jama'a, gara albasar ta ruɓe. Ta kuwa ruɓe, wari har bayan gari. Sannan Baffa ya ƙara wa abin gishiri: ya dawo, ya ɗaga gefen ledar, ya kira maƙwabta su ga ruwan da ya taru a cikinta, yana bayani dalla-dalla. Ba da mugunta ya yi ba, wallahi na sani, murna yake yi ilimi ya tabbata. Bai lura da fuskar Baba ba sai da ya gama. Ina son Baffa kamar raina, amma ranar nan bai kyauta ba.

Ba su yi zage-zage ba. Suna gaisawa, suna zuwa suna da biki. Sai dai kwanon da suke ci tare tun suna yara, Baba ya sa aka raba shi biyu. In mun je Kashin Zama da Salla, Baffa ya zauna a tsakar gida yana ƙona wa mata zaren sababbin kayansu ana shewa, Baba yana can gindin darbejiya ya ba mu baya, rediyo manne a kunne. Ba ya juyowa ko sau ɗaya. Baffa yakan ɗaga murya fiye da yadda ake buƙata, ni kuwa na san don wa yake ɗagawa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na baro ɗakin mijina na dawo jinya. Wata la'asar, Inna ta fita alwala, ya yafito ni.

"Ɗiyata, fararen yadin da ke kasuwa yanzu, yawancinsu da roba a ciki. Ni zan koma ƙasa, abin da aka naɗe ni da shi ya ƙi komawa? Na san ba haramun ba ne. Amma ba na so. Ki duba mini."

Na ce ya daina irin wannan magana, zai tashi.

"Ke dai ki duba. Kuma kada ki gaya wa Yaya yanzu, cewa zai yi har kabari zan kai kemistiri."

Ya yi dariya, na yi, na juya baya don kada ya ga idona.

Ranar rasuwar, maza suka aika kasuwa aka yanko farin yadi, aka shigo da shi cikin gida don Inna ta turara kafin a yanka. Yadi ne mai kyau, fari fat, yana ɗaukar ido. Wannan ƙyallin ne ya sa na yi shakka. Na zari zare a gefe na kai bakin garwashin kaskon turare. Ya noƙe, ya narke, ya bar mini ɗan baƙin ƙullutu a yatsa.

Gwaggo, ƙanwar su Baba, ta gan ni. "Ke, mi kike yi? Yau ma? Ku bar bawan Allah shi tahi gidanai!"

Na aika aka kira mini Baba bakin ƙofar ciki. Ban taɓa tsayawa gabansa da magana irin wannan ba. Na gaya masa abin da Baffa ya ce, har da maganar kai kemistiri kabari, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Na buɗe hannu na nuna masa ƙullutun. Liman da ke kusa ya ji, ya ce cikin taushi, yadi fari ne mai tsarki, ya halatta, kuma gaggauta wa mamaci ya fi. Gaskiya ya faɗa. Kowa ya zuba wa Baba ido, don shi ne babba, abin da ya ce shi za a yi.

Baba ya karɓi ƙullutun ya murza. Bai murju ba. Ya sake murzawa da ƙarfi. Ya sa shi a aljihu, ya juya, ya ratsa zaure ya fita, ba wanda ya san inda ya nufa. Sai muka ji tashin babur.

Gwaggo ta ɗora hannu a ka. "Ya tahi! Ya bar ɗan'uwa nai kwance!"

Aka yi sallar azahar, ba Baba. Rana ta kwalle, masu nisa suka fara duban agogo, ƙus-ƙus ya tashi a zaure ya shigo har cikin gida. Mata suna kallona, wata ta ce a fili ni na janyo. Ni kaina ban san abin da zan ɗauka ba. Na zauna kusa da kaskon turare da yadin nan a cinyata, ina jin na tozarta Baffa ranar da ya fi buƙatar sutura. Liman ya aiko cewa in an kira la'asar bai dawo ba, za a yanka wanda ke nan. Na ce to.

Ana shirin kiran salla babur ya tsaya. Baba ya shigo, ƙura har gira, da ƙunshi a hammata. Kashin Zama ya je ya dawo. Ya kwance ƙunshin a bakin ƙofar ciki, Gwaggo tana gani ta rufe baki da mayafi, don ta gane shi. Farar saƙar hannu ce, ta ɗan yi ja saboda daɗewa a adaka. Kaka, mahaifiyarsu, ita ta kaɗa zaren da mazarinta daga audugar gonarmu, ta kai wa masaƙi, ta ba Baba a matsayinsa na babba. Duk gidan an san likkafaninsa ne, ya ajiye wa kansa, ba ya barin kowa ya taɓa.

Ba mai shakkar auduga ce. Amma Baba ya ce, "A ba ni ashana."

Ya zari zare ɗaya a gefe. Ya kyasta. Zaren ya ci ya bar toka. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai hanci, ya karkata kai gefe ɗaya. Ashe duk shekarun nan da yake ba mu baya a gindin darbejiya, ba rediyo yake saurare ba. Inna ta ga karkatar kan nan irin ta Baffa, ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Wanga shi ka komawa ƙasa," in ji Baba. Ya miƙa wa masu yanka. "Ku yi mai sutura."

Da wannan likkafanin aka kai Baffa, bayan la'asar. Waɗanda suka je maƙabarta sun ce Baba ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, kuma da ƙyar aka fito da shi.

Wannan shi ne abin da ya faru, masu cewa gaba ce su ji. Allah Ya gafarta wa Baffa, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka masa da kowane yaro da ya koyar da kowace mai tuya da ya tsare wa fata. Ya yafe masa tsawon bayani, mu dai mun yafe, yanzu ma nemansa muke.

Bayan an share makoki na je Kashin Zama gaida Baba. Na same shi gindin darbejiya, ba rediyo. Muka gaisa. Gwaggo da ke tsince wake ta ce, "To Yaya, ka ba da naka. Kai fa?"

Ya sa hannu a aljihu ya ciro kwalin ashanar nan ta ranar, ya kama hannuna ya danƙa mini.

"Ke kin iya gwajin," ya ce. "In nawa ya zo, ki duba min."